Moton da Ya Zo Gure a Kan Raƙumi

Burahima ɗan Gidigir ne, gidansu manoman gero ne tun kaka da kakanni, kuma ba wanda ya taɓa zaton zai ci abinci da wani abu in ba hauya ba. Sai dai tun yana saurayi hannunsa ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Ya kwance rediyon kawunsa, ya kwance keken ɗinkin wata gwaggonsa, wasu kayan ya mayar da su yadda suke, wasu kuwa har yau ba su koma ba. Da mahaifinsa ya gaji da ba mutane haƙuri sai ya ce masa ya tafi Gure wurin masu gyara, ko Allah zai sa ɓarnar ta zama sana'a.

Ta zama kuwa. A farkon shekarun casa'in, duk ma'aikacin da motonsa, wato babur ɗinsa, ya ƙi tashi a Gure, mushen lakol ne, wato malamin makaranta, ko mutumin gandun daji, rumfar Burahima ake nuna masa, can bayan tasha, gindin wata bishiyar bedi. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa moto ba ya tambayarka abin da ke damunsa, sai ya tayar da shi ya karkata kai yana saurare, kamar mai jin gulma ta bayan zana. Abu ɗaya ya sani a duniya, kuma ya riƙe shi da kyau: abin da ya lalace a gyara shi, abin da ya tsufa a sabunta shi. Matarsa Habsu tana sayar da dabino da rogo da yayanta ke aiko mata daga kwarinsu, inda suke da lambu tsakanin tuddan rairayi. Suna da ɗiya guda, Nuriyya.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani dattijo makiyayi daga wajen Bune, ana ce masa Ba Aisami, wato Baba Aisami, ya durƙusar da raƙuminsa a gaban rumfar. An ɗaure wa raƙumin wani kaya ta kowane gefe, an lulluɓe da tsofaffin tabarmi. Da aka kwance, sai ga moto rabe biyu, inji da gangar jiki a gefe ɗaya, tayoyi da sauran tarkace a ɗaya gefen.

Burahima ya daɗe tsaye yana kallo. Bai taɓa ganin irinsa kusa da kusa ba. Dogo ne, ƙafafunsa zaƙo-zaƙo, tankinsa ƙato kamar cikin saniya mai shirin haihuwa, ya lotse ta gefe guda. Fentin ya koɗe har ba a gane ko fari ne ko ruwan ƙasa. A gaba akwai wani faifai mai lamba, da rubuce-rubucen Turawa da rana ta cinye rabinsu.

"Ba Aisami, ina ka samo wannan?"

"Can arewa, inda muke kai dabbobi da damina. Hanyar da Turawan nan masu tsere suke bi. Na same shi kwance, rairayi ya binne shi har wuya. Na jira mai shi shekara da shekaru, bai zo ba. Yanzu kuma na gaji da ɗaukarsa duk lokacin da za mu tashi."

"To me kake so a yi masa?"

"Ni? Me zan yi da shi? Amalanken jakina ce ba ta da ƙafa. In ka sa mata ƙafafu masu kyau, wannan naka ne."

Haka aka yi cinikin. Aisami ya koma da amalanke mai sababbin tayoyi yana ganin ya cuci mai gyara, Burahima kuma ya ja ƙarfen cikin rumfa yana ganin ya cuci makiyayi.

Gyaran ya ci shekaru. Duk abin da ya buɗe sai rairayi ya zubo, har cikin wuraren da ba ya zaton iska ma tana shiga. Ya wanke injin da kananzir, ya sake wankewa. Kayan irin wannan moto ba a samunsu a Gure, ko a Damagaram ma sai an dace, don haka yakan ba direbobin da ke zuwa Nguru tsohon ƙarfe su nemo masa mai kama da shi, wani ya dace, wani ya zo ya zama abin kallo. Ana cikin haka darajar sefa ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, aikin ya tsaya wata da watanni. Habsu takan ce, "Baban Nuriyya, wannan abin dai ya fi jariri cin rai. Jariri ko ba komai yana girma."

Abin da ba ya gyaruwa sai ya cire ya sa sabo. Tsohon tankin yana yoyo, ya samo na wani moto ya buga shi har ya zauna daram. Bututun hayaƙin ya yi tsatsa, ya canza shi. Sirdin ya ruɓe, ya kai wa baduku ya yi masa sabo da jar fata, har da tuntaye a gefe. Sannan ya shafe moton duka da jan fenti mai ƙyalli. Tsofaffin kayan kuwa kowa ya ɗauki abin da ya ga zai yi masa amfani. Habsu ta aika wa yayanta tankin can kwari, ya liƙe inda yake yoyo yana zuba ruwan sha. Garbai maƙeri ya ɗauki bututun ya jefa cikin tarin ƙarafansa. Faifan lambar ya zama murfin randa a gida.

Akwai mutum ɗaya da bai taɓa yi wa aikin dariya ba, shi ne Idrissa, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, wanda kowa ke kira Majo. Mutumin Dogon Dutsi ne, aiki ya kawo shi gabas, iyalinsa suna can gida. In ya tashi aiki da la'asar yakan zo rumfar ya zauna kan tsohuwar taya, su dafa shayi, yana kallon Burahima yana fama. Moton da aka ba shi na aiki ƙarami ne, in ya shiga rairayi sai ya tsaya yana kuka kamar akuyar da aka ɗaure.

Ranar da moton ya fara tashi, Majo yana wurin. Burahima ya hau ya taka sandar tayarwa da ƙarfinsa duka, sandar ta dawo ta maka masa a idon sawu, ya faɗo ƙasa yana salati. Majo ya duba ƙafar ya ce ba karaya, ya ɗaure masa ita da rawaninsa. Burahima ya miƙe da ɗingishi ya sake takawa da ɗaya ƙafar. Sai moton ya yi wata irin tsawa, jakunan tasha suka tsinke igiyoyinsu, masu sayar da nama suka miƙe tsaye. Burahima ya riƙe kan moton, jikinsa duka yana rawa tare da shi, hawaye na zubo masa, bai san ko na zafin ƙafa ne ko na murna ba.

Bazarar da ta biyo baya aka yi sanƙarau. Ƙauyuka suna aiko da mutane a kan raƙuma da amalanke, wasu ba su isowa da rai. Motar asibiti guda ce, ba ta iya zuwa ko'ina. Majo ya zo rumfa ya ce, "Malam Burahima, jan nan naka zai iya hawa tudu da mutum biyu da akwatin allura?"

"Ban gwada ba, Majo."

"To mu gwada."

Moton ya hau tudun kuwa. Inda sauran motoci ke nutsewa, shi sai ya ɗaga kai ya wuce kamar ya san hanya. Suka shafe bazarar nan suna yawo, Burahima na tuƙi, Majo a baya rungume da akwatin sanyi, daga wannan kwari zuwa wancan, daga rugar makiyaya zuwa ƙauyen manoma. Burahima da bai taɓa riƙe komai ba sai ƙarfe, ya koyi riƙe hannun yara ana yi musu allura. Wata rana suna hutawa gindin goriba, Majo ya shafa tankin ya ce, "In ka tashi sayar da shi, ni ne na farko."

Burahima ya ce, "In Allah ya so."

Daga baya ya yi ta juya wannan magana a ransa. Alkawari ya yi, ko amsa ce kawai irin wadda ake ba kowa? Shi da ya faɗe ta bai sani ba.

Bayan kaka sai ga wani baƙo a rumfar, ɗan gajere mai tsabtar tufafi, da tabarau rataye a wuya. Ya ce sunansa Alhaji Manzo, daga Damagaram, sana'arsa sayen tsofaffin motoci na tsere yana kai wa wasu Turawa a Yamai. Direbobi ne suka ba shi labarin jan moton Gure. Burahima ya ji daɗi, ya shiga ya turo shi waje, ya goge tankin da hannun rigarsa don ƙyallin ya fito.

Alhaji Manzo ya sa tabarau. Ya zagaya moton. Ya durƙusa ya leƙa ƙasan injin, ya karanta wasu lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, fuskarsa ta yi haske. Sannan ya miƙe ya dubi jan fentin da sirdin mai tuntaye, ya dafe kai.

"Inna lillahi. Wa ya yi masa wannan aika-aika?"

Burahima ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake.

"Wace aika-aika, Alhaji?"

"Ina tankinsa? Ina bututunsa? Ina lambarsa ta gaba? Wa ya shafe shi da wannan jan abu?"

"Ni ne. Ai da ka gan shi yadda ya zo, ba ka ce moto ba ne. Bari in tayar maka ka ji."

"Bar shi, bar shi. Ban zo jin ƙara ba. Malam, ka kashe moton nan."

Burahima ya saki moton ya ja da baya. An kawo masa gawa, ya tashe ta, ta yi bazara guda tana ceton rayuka, yau kuma ga mutum da hankalinsa yana cewa shi ne ya kashe ta. Ya yi tunanin ko dabarar ciniki ce, a kushe kaya don a saya da araha. Amma sai Alhaji Manzo ya jawo shi gefe ya raɗa masa abin da zai biya in an mayar da moton yadda yake ranar da aka tono shi, da lotsewarsa da tsatsarsa da komai. Burahima ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya tambaya ko da naira ake nufi. Aka ce da sefa. Ya zauna kan benci.

"Alhaji, don Allah fahimtar da ni. In na mayar masa da tsohon tanki zai yi yoyo."

"Ya yi."

"Bututun ya huje."

"Haka ake son shi."

"To wanda zai saya, ya zai hau?"

"Kai dai nemo kayan. Zan dawo bayan Salla."

Habsu ba ta ɓata lokaci ba da ta ji. Ta ce, "In mahaukaci ya zo sayen toka, auna masa ake yi, ba a tambayarsa me zai dafa." Amma Burahima ya kasa sakin jiki, sai da ya je asibiti ya sami Majo a ofishinsa ya kwashe labarin duka ya gaya masa, yana kallon ƙasa.

Majo ya juya alƙalami a hannu. Sannan ya ce, "Na gane abin da yake nufi. Su can, tsohon abu da ya yi wata babbar tafiya yana da daraja. Lotsewar nan ita ce shaidar ya yi tseren."

"To tafiyar da muka yi da shi fa, Majo? Ita ba tafiya ba ce?"

"Ita ba su san da ita ba."

"Kuma ka ce kai ne na farko."

"Na faɗa. Amma ko albashina na shekaru aka tara ba zai kai nan ba. Kana da iyali. Sayar."

Ya faɗi haka yana murmushi, ya kuma raka shi har ƙofa. Sai dai ranar bai zo shan shayi ba, washegari ma haka. Burahima ya kasa gane ko izini aka ba shi ko fushi aka yi da shi.

Ya shiga neman kayan. Faifan lamba bai ba shi wuya ba, ya ɗage shi daga bakin randa, Habsu ta rufe da faranti. Ruɓaɓɓen sirdin ya tono shi daga bayan garken awaki, sun ci gefe guda. Amma kafin ya kai ga sauran, labari ya riga shi. Garin Gure ya ɗauka cewa wani Alhaji zai sayi ruɓaɓɓen ƙarfe da kuɗin gida, kuma tun da ba mai hankalin da zai yi haka a banza, to lalle akwai wani abu a cikin ƙarfen. Wasu suka ce zinariya ce Turawa ke ɓoyewa a cikin motocin tsere. Wasu suka ce wani jan ruwa ne da ake haɗa kuɗi da shi. Mutane suka fara cika rumfar da tsofaffin fitilu da dutsen guga da ƙafafun keke, kowa yana jawo Burahima gefe yana cewa, "Tsakanina da kai, duba min ko akwai abin a ciki."

"Wane abu?"

"Haba Malam Burahima, kai ma ka sani."

Yana rantsuwa bai sani ba, suna ƙara yarda ya sani.

Da ya je maƙera wurin Garbai, ya tarar an riga an yi ɓarna. Garbai ya sa kurfi ya tsaga bututun gida biyu tun daga sama har ƙasa, ya kankare baƙin da ke ciki ya tara a ƙoƙo, yana ta tona shi da tsinke.

"Garbai, me ka yi haka?"

"Ƙarfena ne, kai ka ba ni. Gaya mini gaskiya, wannan baƙin ne abin?"

"Hayaƙi ne, Garbai. Kunkunniya ce irin ta bayan tukunya."

Garbai ya dube shi, ya dubi ƙoƙon, ya tura shi ƙarƙashin tabarma duk da haka. Daga baya ya yarda ya haɗa bututun da ƙusoshi da wani gwangwani da ya nannaɗe, aikin ya fito kamar ɗinkin ƙwarya.

Yayan Habsu kuwa cewa ya yi tankin ya ɓace. Habsu ta hau amalanke ta tafi kwarin da kanta, ta same shi binne gindin dabino, ta tono shi tana faɗa yana faɗa, ta dawo da shi a kan cinya. Har yau akwai sauran tsami tsakaninsu.

Shi ma Aisami labari ya kai masa can Bune. Ya zo ranar kasuwa ya zauna bakin rumfa, ya ƙi shayi.

"Shekara nawa abin nan yana bayan bukkata, ƴaƴana na hawa. Ba kuɗi na zo nema ba, ciniki ya riga ya faɗa. Gaya mini kawai abin da ke ciki, in san abin da na kwana da shi ban sani ba."

"Wallahi Ba Aisami, na buɗe shi ƙusa-ƙusa. Ba komai sai rairayi."

"To rairayin suke so?"

Burahima ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tsaya, don shi ma ba shi da tabbas.

Aikin mayarwa ya fi na gyaran ciwo. Ya sauke sabon tanki, ya cire sirdin baduku, ya zauna da wuƙa da tsumma yana kankare jan fentin da ya shafa da hannunsa, a hankali don kada ya taɓa koɗaɗɗen da ke ƙasa. Masu wucewa suna tsayawa su yi kallo su girgiza kai. Da ya gama, moton ya koma abin tausayi, sai dai injin da ke ciki lafiyayye ne, shi kam bai san yadda ake mayar da inji marar lafiya ba. Damuwarsa ɗaya ita ce bututun Garbai, yana ganin shi zai ɓata cinikin.

Alhaji Manzo ya dawo bayan Salla. Ya zagaya moton yana gyaɗa kai. Da ya kai ga bututun sai ya durƙusa, ya shafa ƙusoshin da gwangwanin.

"Wannan fa?"

Burahima ya gaya masa gaskiya, tun daga jita-jita har kurfin Garbai. Alhaji ya yi dariya har da tari.

"Madalla. Wannan ma zai ƙara masa kuɗi. Gyaran daji ke nan, suna son irinsa."

"Alhaji, tsaya. Ni na yi gyara mai kyau, ka ce na kashe shi. Garbai ya tsaga shi ya ɗinke da gwangwanin tumatir, ka ce ya ƙara masa kuɗi."

"Haka ne."

"To yaya abin yake?"

"Malam Burahima, ni ma da farko na yi ta tambaya. Yanzu na daina, saye kawai nake in sayar."

Bai ko tayar da shi ba. Aka nannaɗe moton da katifu, ƙarti suka ɗaga shi suka sa a kamiyo, babbar motar kaya, aka ɗaure. Burahima ya tsaya yana kallon abin da ya hau tuddan da mota ba ta hawa, an ɗauke shi kamar majinyaci.

Kuɗin sun yi amfani. An yi wa gida rufin kwano, Habsu ta ƙara jari, Burahima ya aika wa Aisami buhunan gero da ɗan turmin yadi ko da yake bai nema ba. Da abin da ya rage ya tafi Nguru da kansa ya sayo wani inji da gangar moto na hannu, ya zo ya fara ɗora musu jan tankin da sirdin baduku da sabon bututun da suka rage masa. Bai gaya wa kowa don wa yake yi ba. Yana tsakiyar aikin Majo ya shigo rumfar wata la'asar, karo na farko tun ranar ofis, ya zauna kan tayarsa kamar jiya ya tashi.

"An canza mini wurin aiki. Garin Tawa za ni, ƙarshen wata."

Burahima ya ajiye abin da ke hannunsa. "Majo, wannan naka ne nake haɗawa. Saura kaɗan."

Majo ya tashi ya duba moton, ya ja tuntun sirdin, ya yi dariya. "Can akwai hanya, kuma sun ce akwai mota. Riƙe shi, wanda zai maye gurbina zai buƙace ku, kai da shi."

"Fushi ka yi da ni, shi ya sa ka daina zuwa?"

"Fushi? Kunya na ji. Na ga na sa ka cikin damuwa da maganar da na yi gindin goriba, na ce bari in ba ka wuri ka yi cinikinka. Ni kuma na zaci kai ne ba ka son ganina."

Suka dubi juna. Burahima ya hura gawayi ya ɗora shayi, suka sha har zagaye na uku, ba su sake tayar da maganar ba.

Bayan tafiyar Majo, Alhaji Manzo ya mai da Burahima wakilinsa a yankin. Sharaɗi guda ya kafa masa: in ya sami tsohon moto irin na tsere ya saya ya ajiye, kada ya taɓa shi, ko ƙura kada ya goge. Ya samo masa ƴan kaɗan cikin shekarun da suka biyo, ɗaya a gidan wani tsohon jandarma, ɗaya a bayan wani gareji a hanyar Difa. Duk wanda ya kawo sai ya jingine shi a lungu ya juya masa baya, don in yana kallonsa hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ana biyansa don kada ya yi aikin da ya iya, kuma abin da ake ba shi ya fi na aikin. Wata rana ya tambayi Alhaji labarin na farkon, ko mai shi yana jin daɗin hawansa.

"Ba ya hawa. An nuna mini hoto. Yana cikin ɗaki, kan darduma, an kunna masa fitila."

"Mai shi ba ya da lafiyar ƙafa ne?"

"Lafiyarsa lau. Da ƙafa ma yake zuwa aiki, aka ce."

Burahima bai sake tambaya ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in Alhaji Manzo ya daina zuwa. Wasu direbobi suka ce Turawansa sun koma ƙasarsu, wasu suka ce ya koma sayar da taki, wani ya ce ya gan shi a Kano. Ba saƙo, ba sallama. Ya bar wa Burahima wani shuɗin moto a lungu, wanda shi Burahiman ya saya da kuɗin aljihunsa yana jiran a zo a ɗauka. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa. In ya gyara shi, ya kashe shi a idon Alhaji. In ya bar shi, ga ƙarfe mai kyau yana mutuwa a gabansa. Sau da yawa yakan ɗauki makullin kwance ƙusa ya nufi lungun, ya tsaya, ya dawo.

Sai wani matashin mushe mai suna Khalid, da aka turo wata lakol ta ƙauye bayan tuddai, ya zo neman moto mai iya rairayi. Ya ce in ya fito karɓar albashi, kwana yake a hanya. Ya hangi shuɗin a lungu ya ce, "Baba, wancan fa, ya mutu ne?"

Burahima ya waiga ya dubi lungun. Sannan ya ce, "Dawo bayan girbi."

Ya gyara shi tsaf, ya shafe shi da fenti, Khalid ya hau ya tafi yana ɗaga hannu. Ba a yi mako ba wani ɗan kamasho ya zo daga tasha ya ce wani baƙo daga Damagaram yana cigiyar Burahima mai gyara. Ya ɗauka Alhaji Manzo ne ya dawo. Ya wanke hannu, ya tafi yana shirya abin da zai ce, yana ginawa yana rushewa. Da ya isa sai ya tarar da wani dogon mutum da bai taɓa gani ba, ya sayi lambu a wani kwari kusa da gari, injin ban-ruwansa ya ƙi tashi, rogonsa yana bushewa.

Burahima ya tsaya yana kallonsa, bai san ko daɗi ya ji ko haushi ba.

"Gyara shi kake so a yi?" ya tambaya.

Mutumin ya dube shi da mamaki. "To da me zan so?"

"A'a, tambaya dai na yi. Jira ni in ɗauko kayan aiki."